Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan'uwana Kiristoci Masu Jin Hausa Da Ke Aiki A Saudiyya

Iyayena, yayyena da ƙannena,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Gaisuwa ga na Riyad da Jidda da Dammam da Jubail, da waɗanda aiki ya kai su can Tabuk ko Abha ko Najran, inda mutum kan yi wata guda bai ji wanda ya ce masa "sannu da aiki" da harshen gida ba. Gaisuwa ga likitoci da ma'aikatan jinya, injiniyoyi da malaman jami'a, direbobi, da 'yan'uwanmu mata masu aikin gida waɗanda sai dare ya raba za su sami sukunin karanta wannan. Yaya aiki, yaya zafi, yaya mutanen gida? Mun fito daga Filato da Kudancin Kaduna, daga Gombe da Bauchi da Adamawa da Borno, wasu daga Zuru, wasu daga ƙauyukan Kano da Katsina. Harsunan gadonmu suna da yawa, amma da Hausa akasarinmu muka koyi addu'a, da ita kuma zan yi muku magana.

Duk inda biyu ko uku daga cikinmu suka haɗu, hira ba ta nisa sai wani ya ce, "In na gama wannan kwantiragin zan koma gida." Wanda ya faɗa bara ya sabunta igamarsa, wato takardar izinin zama, bana, kuma baɗi zai sake faɗa. Babu mai yin ƙarya a cikinmu. Kowa da zuciya ɗaya yake faɗa. Sai dai mazanmu da matanmu da 'ya'yanmu da iyayenmu yau suke rayuwa, mu kuwa mun ɗaga zama da su sai gobe, goben da ba mu sa mata rana ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Manzo Yakubu, a sura 4 ta wasiƙarsa, aya 13 zuwa 15, ya yi magana da masu cewa yau ko gobe za su tafi gari kaza, su yi shekara guda a can, su yi ciniki su ci riba. Bai hana su tafiya ba. Ya tuna musu ne cewa ba su san abin da gobe za ta haifa ba, ransu kuma hazo ne mai bayyana na ɗan lokaci ya watse. Su shekara guda suka ƙudura. Mu da yawa mun zo da niyyar shekara biyu, ga shi an doshi goma.

Ba na raina abin da ya fito da mu, domin ni ma shi ya fito da ni. Tun 1986 riyal yana ɗaure da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, ba ya motsi. Naira kuwa, tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 aka kuma sake ta a kasuwa a watan Yuni, ta gangara har dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato riyal ɗaya ya kai wajen naira 400. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024 bai kai riyal 200 ba. Wanda ya san wannan lissafi ba zai yi wa uwar da ta bar 'ya'yanta ta zo nan kallon marar tausayi ba. Da riyal ɗin nan aka biya kuɗin makarantar marayu, aka yi wa tsofaffi aikin ido, aka sake kafa gidajen da rikici ya ƙone. Na gode wa Allah domin wannan.

Amma lissafin da ya kawo mu shi ne yake riƙe mu, kuma ya kamata mu dube shi da idon basira. Ku dubi kuɗin sallama, wanda ake biyan ma'aikaci in ya bar aiki. A dokar ƙwadago ta ƙasar nan, ma'aikaci yana samun rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekarar da ta biyo baya. Wanda ya ajiye aiki don kansa kuma, in ya yi tsakanin shekara biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku zai karɓa, in ya wuce biyar bai kai goma ba kashi biyu cikin uku, sai ya cika goma zai karɓa duka. Saboda haka mai shekara huɗu yana cewa bari in haye biyar, mai takwas yana cewa saura biyu kacal, wauta ce in bar kuɗina. Mai goma kuma sai ya ga ai yanzu ne kowace shekara take da tsoka. Babu wata shekarar da lissafi zai ce maka ka tashi ka tafi. Lissafi kullum "ƙara ɗaya" yake cewa. Gini ma haka: ya kai linta, saura rufi, an yi rufi, saura filasta, an yi filasta, saura katanga da rijiyar burtsatse, an gama, sai a ga fili a gefe wanda bai kamata ya wuce mutum ba. Cikin shekara goman nan, jaririn da aka bari yana rarrafe ya kusa gama firamare, yarinyar da aka bari a aji uku ta zama budurwa, ta kuma koyi kai damuwarta wurin wani.

Kusan ɗakin kowannenmu akwai kwali a kusurwa, wanda ake cika shi sannu a hankali kafin a kai kargo. Na taɓa taimaka wa wata ƙanwata a nan ɗaure nata. Man shafawa, dabino, bargo, jakar makaranta, da takalma ƙafa uku na ɗanta. Ta nuna mini hoto a waya: an sa yaron ya taka farar takarda, kakarsa ta zagaye ƙafar da biro, aka ɗora ma'aunin tela a kai aka ɗauka aka turo mata. Da hoton nan ta shiga kasuwar Batha ta zaɓi takalman. Kafin kwalin ya cika, ya hau jirgin ruwa, ya sauka, ya isa ƙauye, ƙafar ta wuce biyu daga cikinsu, aka ba ɗan maƙwabta. Ta ba ni labarin tana murmushi, hawaye na zuba. Ta ce, "Yaya, komai nasa sai an auna an gaya mini." Wannan uwa ce ta gari, mai addu'a, mai aika kuɗi kan lokaci, ba ta taɓa fashin ko wata ɗaya ba. Abin da Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ɗora wa iyaye shi ne su koya wa 'ya'yansu maganar Allah sa'ad da suke zaune a gida, da sa'ad da suke tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Duk waɗannan lokuta ne na wanda yake kusa. Kaka tana iyakar ƙoƙarinta, malamar makarantar Lahadi tana nata, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu aka ba wa amanar.

Maganar aure ta fi nauyi a baki, amma dole a taɓa ta. Manzo Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 7:5 kada miji da mata su ƙaurace wa juna sai da yardar juna, na ɗan lokaci, domin addu'a, sa'an nan su sake haɗuwa don kada Shaiɗan ya sami ƙofa. A Shari'ar Musa ma, sabon ango ba a fita da shi yaƙi, ba a ɗora masa wani aiki har shekara guda, domin ya zauna ya faranta wa matarsa rai. Mu kuwa ana ɗaura aure cikin hutu, bayan mako uku ango ya kama hanyar filin jirgi. Mun san gidajen da suka mutu ba tare da an yi faɗa ba. Hirar miji da mata ta koma "an turo?" da "ya shigo?", da rahoton magini, da kuɗin makaranta. Daga nan sai zargi: me ya sa ba ki ɗauka ba da na kira, wa na ji yana magana a bayanka. Dangi su sa baki, 'yan gulma su ƙara gishiri. A nan kuma kaɗaici yana da nasa jarabobi, kowa ya san su, ba sai na lissafa ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in aurenku ya fara wannan ciwo, babu kuɗin sallamar da zai biya shi.

Mun san dokar ƙasar nan kafin mu zo. Babu majami'a, ba a sujada a fili, ba a wa'azi ga jama'a, kuma ina roƙon kowa ya kiyaye, ya girmama masu masaukinsa. Tun 2013 hutun mako Juma'a da Asabar ne, don haka Lahadi ita ce ranar farko ta aiki. A lokacin da ƙararrawa ke kaɗawa a gida, mu muna kan aiki. Wasu kan yi shekara ba su ci Jibin Ubangiji ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma yana busar da mutum a hankali ba tare da ya lura ba. Amma akwai ikilisiya guda da babu dokar da ta hana ka kiwonta, wato gidanka. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Ƙarfe takwas na dare a gida, lokacin da yara suka ci tuwo suna shirin kwanciya, ƙarfe goma ne a nan. Wanda ya tashi aikin dare ƙarfe bakwai ko takwas na safe ya dace da lokacin addu'ar asuba a gida. Minti goma sha biyar ya isa a karanta Zabura guda, yaro ya maimaita ayar haddarsa, kowa ya faɗi abin da yake so a yi masa addu'a a kai. Ku bar maganar kuɗi da faɗan sakamakon jarrabawa zuwa wani kiran daban. Idan duk lokacin da fuskar Baba ta fito a waya tuhuma ce ke biyowa, yara za su koyi ɓuya in waya ta yi ƙara. Kuma ku kira kowane yaro shi kaɗai wani lokaci, musamman 'yan shekara goma sha, domin akwai abin da ba za su faɗa a gaban kaka ba.

Waya dai tana rage zafi ne kawai. Zumunci a ƙafa yake. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun kwana 21 a shekara da albashinsa, ya zama kwana 30 bayan shekara biyar a jere wurin mai aiki ɗaya, wasu kwantiragin ma sun fi haka. Dokar ta kuma ce a ci hutun cikin shekararsa, ba a yafe shi, ba a karɓar kuɗi a madadinsa muddin ana kan aiki. Abin da ciwo a ce dokar ƙasar da muke baƙunta ta fi mu kishin hutunmu. Mu ne ke roƙon a ɗaga mana zuwa baɗi, ko mu ci shi a ɗaki a nan don a adana kuɗin tikiti da na tsaraba. Tun gyaran tsarin ƙwadago da aka yi a watan Maris na 2021, yawancin ma'aikatan kamfanoni suna iya neman bizar fita da dawowa da kansu ta Absher, manhajar gwamnati ta intanet. Daga Jidda zuwa Kano tafiyar awoyi ce, ana karya kumallo a nan a ci abincin dare a gida. In tsaraba ce ke hana ka zuwa, ka je hannu rabbana. Masu fushi don ba ka kawo musu turare ba za su huce.

In an je kuma, a duba yadda ake cin hutun. Mako na farko gaisuwar dangi da ta'aziyyar da ta taru, na biyu a wurin gini ana rigima da magini, na uku bikin wani da taron ƙaddamarwa, na huɗu sayen daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da ɗaure kaya. Yaran da suka yi shekara suna ƙirga kwanaki sai su sami ragowar mutum, gajiyayye, waya a kunne. Ku ware musu kwanakin farko tun kafin gari ya san kun iso. Ka kai ɗanka makaranta da ƙafarka, ka ga malaminsa. Ki zauna ki tsefe wa 'yarki kai, ki bar ta ta yi ta surutu har ta kai ga abin da ke ranta. Ku fita ku biyu, miji da mata, ba da rakiyar kowa ba.

Akwai wata tsohuwa da na yi jinya a asibitin da nake aiki, Bahaushiya haifaffiyar ƙasar nan, cikin jikokin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan shekara da shekaru, suna noma a hanya suna tara guzuri, har suka haye teku daga tashar Sawakin ta Sudan. Da yawansu da mata da 'ya'ya suka yi wannan tafiya. 'Ya'yanta suna karɓa-karɓa wajen kwana da ita, wannan ya tafi wancan ya zo, kujerar gefen gadonta ba ta taɓa zama babu kowa ba. Da ta ji ina Hausa sai ta riƙe hannuna, muka gaisa, Hausarta gauraye da Larabci. Ta tambayi garinmu, ta tambayi ko mahaifiyata tana da rai. Na ce tana nan. Sai ta ce, "To 'yar nan, ke kina nan kina juya ni, ita wa ke juya ta?" Ba da gori ta faɗa ba, tausayi ne. Ina miƙa tambayar nan ga kowane ɗayanmu da ke wanke iyayen wasu, ko tuƙa 'ya'yan wasu zuwa makaranta, ko goyon jariran wasu. Aikin yana da daraja, Irmiya 29 ma ta ce wa masu zaman baƙunci su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Amma umarnin girmama uba da uwa bai tsaya a aika kuɗin magani ba.

Sai maganar masu roƙo. Da an ji mutum yana Saudiyya, wayarsa ba ta hutawa: ɗan kawu zai yi aure, ƙungiyar gari tana gina zaure, majami'a za ta sayi janareta da kayan kiɗa, an sa sunanka babban baƙo mai ƙaddamarwa ko da ba ka nan. Bayarwa alheri ce, zakka da baiko kuma ba na wasa da su. Amma 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya. A Markus 7 kuma Ubangiji ya tsauta wa masu ɗaukar abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi su ce sun keɓe wa Allah. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Kowace gudummawar da aka yi don kunya ko don a kira suna a lasifika, ƙarin watanni ne a kan zamanka nesa da 'ya'yanka. Ka koyi cewa "bana ba zan iya ba" da ladabi, ba tare da jin ka yi zunubi ba.

In wasiƙar nan ta kai hannun fastocinmu da dattawan ikilisiya a gida, Baba, da girmamawa nake roƙo. Idan ɗan ikilisiya ya zo a yi masa addu'ar biza, a yi masa, amma a zaunar da shi da matarsa a tambaye su: shekara nawa, wa zai riƙe yara, me za a yi in wa'adin ya cika buri bai cika ba. Bayan ya tafi, a riƙa leƙa gidansa. Zumuntar Mata ta san matar da mijinta ke waje tana ɗauke da kaya biyu, ga kuma idon gari a kanta. Mijin da matarsa ke waje shi ma haka, ga habaicin abokai. In an kira mu, wani lokaci a kira don a tambayi lafiyar ruhunmu kawai. Mutumin da ba shi da majami'a, kiran fastonsa na minti biyar yana riƙe shi wata guda.

Na san kawo iyali nan ba abu ne mai sauƙi ba. Tun Yulin 2017 aka sa haraji a kan kowane ɗan rakiya na ma'aikatan kamfanoni, ya fara daga riyal 100 a wata, yana hawa har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 duk wata, 19,200 a shekara, ban da haya da kuɗin makarantar kuɗi. Wannan ya sa da yawa suka mayar da iyalinsu gida. Duk da haka, wanda albashinsa zai ɗauka, ko da ginin zai yi jinkirin shekara uku, ya auna da kyau. A ganina jinkirin gini ya fi sauƙin gyara. Wanda ba zai iya ba, in sana'ar da ke kan igamarsa ta ba shi dama, ya nemi bizar ziyarar iyali lokacin dogon hutun makaranta, ya kauce wa lokacin aikin Hajji da ake takaita ta. Ku kuma da Allah ya ba ku iyalinku a nan, kada ƙarin awoyin aiki ya mai da ku baƙi a gidan da kuke biyan haya.

'Yan'uwanmu masu aikin gida da direbobin gida, ban manta da ku ba, kuma yawancin abin da na faɗa a sama ba a hannunku yake ba. Gyaran 2021 bai haɗa da ku ba, hutunku wata ɗaya ne bayan shekara biyu, wasunku ma wayar sai an ba su izini. Ba ku da laifin da za a ɗora muku. Nauyin yana kanmu da muke da sarari: mu san inda kuke, mu riƙa tambaya, mu isar da saƙo gida in an kasa samun ku, mu nuna muku hanyar ofishin jakadanci a Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda in an danne muku haƙƙi. Ku kuma, in shekara biyun ta cika, ku je gida ku gan su kafin ku sa hannu a wata.

Ƙasar nan ba ta zama ba ce gare mu. Igama tana rataye da aiki, tsarin ba 'yan ƙasa guraben aiki yana ƙara faɗi kowace shekara, kuma ko ba jima ko ba daɗe kowa zai karɓi bizar fita ta ƙarshe. Wasu ba su kai ga karɓa da hannunsu ba. Mun sha haɗa kuɗi don mayar da gawar ɗan'uwa, ana bin takardun asibiti da na 'yan sanda da na kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, da na ofishin jakadanci mako da makonni, iyali suna can suna jiran akwati a gidan da bai taɓa kwana a ciki ba. Yakubu ɗan Ishaku ya yi wa kawunsa Laban barantaka shekara 20. A tsakiyar zaman, Laban ya ce masa ya faɗi ladan da yake so, ya dai zauna. Yakubu ya tambaye shi, a Farawa 30:30, yaushe shi ma zai yi wa nasa gidan tanadi. Shi ma bayan wannan tambaya sai da ya ƙara shekara shida.

Don haka roƙona shi ne, kafin ka sake sabunta igama, kafin ki sake sa hannu, ku zauna da abokin aurenku ko da a waya ne, ku yi addu'a, ku rubuta abu biyu a takarda: abin da kuka zo nema, da adadinsa, da shekarar dawowa. Ku faɗa wa yara shekarar, domin su ma suna da haƙƙin sani. Ku faɗa wa wani dattijo mai tsoron Allah wanda ba ya cin moriyar zamanku a nan, ku ba shi izinin tuna muku in lokaci ya yi. Wanda ba shi da aure ya yi haka da iyayensa. Ku fara tunanin abin da za ku yi a gida tun yanzu, ko asibiti ne, ko gona, ko shago, don kada tsoron zaman banza ya sa ku ƙara wata shekarar.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku da gidajenku. Ku gaishe mini da yara in kun kira yau.

'Yar'uwarku cikin Almasihu,
wata ma'aikaciyar jinya a Riyad